Zomon da Aka Ce wa Zulai Kada Ta Wanke

Duk unguwarsu a Makarfi babu wanda bai san ƙyanƙyamin Zulai ba. Mace ce da in ka sha ruwa a kofinta, kana juya baya za ta wanke shi sau uku, ta kife, ta kuma bi shi da harara. Tun tana yarinya a Nasarawan Doya haka take. Sa'o'inta na cikin taɓo suna wasa, ita tana bakin zaure ta tattare zani tana yatsine fuska. Da ta tare a gidan Tanko mai rake, dokar da ta fara kafa masa ita ce kada ya kuskura ya tauna rake ya tofar mata a tsakar gida. Shekara ashirin da shida ke nan, bawan Allah a waje yake shan raken da ya noma da hannunsa.

To ga abin mamaki, sana'ar da Allah Ya ba ta ita ce gwanjon kayan yara. Ranar da ta fara kwance dila sai da ta yi amai a bayan ɗaki saboda hamami. A ƙasan dilar, cikin riguna da safa, ta tsinci wani ɗan beyar na ƙyalle, irin abin wasan yaran nan da ake ce wa tedi, bai wuce tafin hannu ba, ya yi duƙun-duƙun. Da tsinke ta ɗauke shi za ta jefa a shara, sai ta ga idanunsa. Ta tsaya. Ta jiƙa shi kwana biyu, ta wanke, ta shanya, ta taje masa gashi da buroshin haƙori. Da ya bushe sai ga shi ruwan zuma, tas da shi. Shi ke nan, Zulai ta kamu.

Yau a kabad ɗinta mai gilashi akwai sun fi ɗari biyu: giwa, kwaɗo, agwagwa, raƙumin dawa mai karyayyen wuya da ta gyara da kara, da waɗansu halittun da ko Tanko, da ya san daji, ya ce bai taɓa gani ba. Kowanne da sunansa. Ba a taɓawa sai an wanke hannu.

Ashe ba ita kaɗai ba ce. Wata Samira, malamar makaranta a Ikara, ta buɗe gurup a waya mai suna Zauren Masu Tedi, mata wajen arba'in daga Ikara da Makarfi da Kudan. Kullum hotuna, kullum musaya, kullum gardamar wane ne asali wane ne jabu, manyan mata da jikoki suna rantsuwa a kan kunnen kare na soso. Duk wata biyu sukan haɗu a gidan ɗaya daga ciki. A zauren nan Zulai ce likita. Irin ƙananan nan akwai 'yan ƙwayoyin roba a cikinsu, su ke sa su nauyi a hannu. In ɗinki ya ɓare suka zube, sai abin ya yi laƙwas kamar tsumma. Zulai ta gano wake ƙanana ya fi komai maye gurbinsu. Amma da sharaɗi, kuma ta sha faɗa a gurup har an gaji da ji: sai an soya waken a busasshen kasko ya mutu murus. Ɗanyen wake rai gare shi, da ƙwan ƙwari a jikinsa.

Farkon damina wata ƙaramar mace ta yi sallama, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta. Mairama ce daga Malikanchi, tana cikin gurup amma ba ta taɓa sa hoto ba. Ta kwance bakin mayafi ta fito da zomo.

Tir! Zomon da a da fari ne, yanzu ba a san launin da za a kira shi ba. Ga tabon manja, ga busasshen koko a ƙirji, ciki ya zube. Kunnen hagu kuwa ya yi baƙi ya ƙandare saboda tsotso. Tsigar jikin Zulai ta tashi.

“Ajiye a ƙasa,” in ji ta. “Wannan ai sai ya kwana uku a ruwa.”

“A'a Yaya, don Allah,” Mairama ta ce da sauri, ta mayar da shi ƙirjinta. “Cikin kawai za ki cika mini. Na Mukarrama ne, 'yata. Bara ta rasu, shekararta huɗu. Da kunnen nan a bakinta take barci.” Ta kai kunnen hanci ta ja numfashi. “Har yanzu ina jin ta a nan. Kayanta duk an rabar, wannan kaɗai na ɓoye. Don girman Allah kada ki wanke.”

Zulai ta yi mata ta'aziyya, kuma har zuciyarta ta tausaya mata. Ta yi alkawari ruwa ba zai taɓa shi ba. Suka rabu a kan Mairama za ta karɓa ranar taro na gaba, wanda dama a gidan Zulai za a yi.

Tausayi daban, ƙyama daban. Mairama na fita Zulai ta zura hannuwanta a leda. Ta kalli kasko, ta tuna sai ta hura wuta, ta jira wake ya soyu, ta jira ya huce, duk wannan ƙazantar na zaune mata a kan tabarma. Ina! Ta debi ɗanyen wake a buhu ta ɗura, ta ɗinke cikin minti biyar tana kawar da kai. Ta ce a ranta sati nawa ne, me zai faru. Kabad kuwa ko kusa, ba za ta haɗa shi da nata ba. Ta jefa shi a wani tsohon kwali ta tura can ƙuryar sito, ta zo ta wanke hannu har gwiwa.

Sati tara ba ta leƙa shi ba. A gurup, duk bayan kwana biyu Mairama sai ta rubuto, “Yaya, yaya zomona?” Zulai ta amsa, “Yana nan lafiya lau.”

Ranar taro da hantsi, an share gida an shimfiɗa tabarmi, zoɓo na sanyi a randa, ta tuna. Tun daga ƙofar sito warin ya mare ta. Duk wanda ya taɓa mance jiƙaƙƙen wake a kwano ya san wannan ɗoyin, ya ninka shi goma. Ashe kwanon rufi na yoyo daidai ƙuryar. Kwalin ya jiƙe ya narke. Ta ɗaga murfin da ƙafa, ƙwarin wake suka watse ko'ina, har cikin zaninta. Cikin zomon ya kumbura ya fasa ɗinkin, waken ya ruɓe ya yi yauƙi, funfuna ta yi masa gemu, tsutsotsi farare ƙal suna ta motsi a ciki kamar ana tafasa shinkafa.

“A'uzubillahi!” Ta yi baya ta yi karo da buhu. Yawu ya cika mata baki.

A nan ne fa. Da Zulai ta tsaya ta duba da ido, da ta ga ɓarnar daga ƙirji zuwa ƙasa take. Kan zomon ya jingina da bangon kwali ta sama, ruwa bai kai gare shi ba. Kunnen hagu na nan a bushe, baƙi, a ƙandare yadda aka kawo shi. Almakashi kawai za ta ɗauko ta raba kan da gangar jiki, ta wanke ƙasa, ta mayar. Aikin da ta iya ko ido rufe. Amma Zulai ba ta duba ba. Tun da aka haife ta, in ta ga ƙazanta hannunta ke riga hankalinta. Ta sa muciya ta cakumo shi ta dulmiya a bahon tafasasshen ruwa, gaba ɗaya, har kai. Ta zuba garin sabulu, ta zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta dirje da buroshi tana tsaki tana tofar da yawu. Ruwa uku ta canja. Kunnen nan ma da ya daɗe yana damun ta, shi ta fi ba wa ƙarfi. Sai da ta matse ta ɗaga shi sama, fari fat yana ɗiga, sannan ta tuna da alkawari. Ta zauna a bakin rijiya.

Bayan azahar mata suka cika gida, kowace da jakarta. Zulai ta riga ta busar da zomon da dutsen guga, ta cika shi da soyayyen wake, wannan karon kam ta soya. Samira ce ta fara hango shi a kan kabad.

“Kai, Anti Zulai! Wannan ne zomon da Mairama ke ta tambaya? Wallahi kin iya aiki. Ku zo ku gani, kamar yanzu aka ciro shi daga kanti!”

Suka yi caa a kansa, ana ɗaukar hoto, ana shewa, wata na cewa a ba ta shi ta ba da agwagwa biyu. Zulai ta dube su ta ji duk sun gundure ta, su da wayoyinsu da kwaɗinsu na soso. Ita kanta ta fi ba kanta haushi.

Mairama ta iso a makare, laka har idon sawu, motarsu ta maƙale a hanya sai da suka tura. Ta gaishe da kowa ɗaya bayan ɗaya, idonta na yawo a ɗakin. Samira ta miƙa mata shi tana dariya. “Ga naki, amarya ya zama.”

Mairama ta karɓa. Ta juya shi, ta sake juyawa. Ta kai kunnen hagu hanci ta ja numfashi. Ta sake ja, da ƙarfi, har kafaɗunta suka ɗaga. Ta gwada na dama. Ta gwada wuya.

Zulai ta durƙusa a gabanta, ita da ta girme ta da shekara ashirin. Ba ta ɓoye komai ba, ta faɗi ɗanyen wake, ta faɗi sito, ta faɗi kunnen da ruwa bai taɓa ba sai da ita ta sa shi. “Ƙyama ce ta sa ni, Mairama. Ƙyamar 'yarki na yi. Ki yafe mini.”

Mairama ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce, “Allah Ya yafe mana gaba ɗaya, Yaya.” Ta miƙe ta buɗe kabad ɗin da ba a taɓawa sai an wanke hannu, da hannunta mai laka, ta zaunar da zomon tsakanin giwa da kwaɗo.

“Ki bar shi cikin naki. Ya fi kama da su yanzu.”

Ko zoɓo ba ta sha ba ta tafi. Da yamma waya ta nuna Mairama ta fita daga gurup.

Zomon na nan har yau, ya fi kowanne fari. Zulai na ci gaba da gyara wa mutane, ba ta kuma sake ɗura ɗanyen wake ba. Sai dai duk ranar da ta buɗe kabad ƙanshin sabulun nan ya bugo ta, takan toshe hanci ta fita tsakar gida ta tofar da yawu. Shatin yatsun Mairama na laka yana jikin gilashin, ya bushe. Tanko ya taɓa ɗauko tsumma zai goge, ta daka masa tsawar da maƙwabta suka ji.