Na Samu Aikin Tuƙin Jirgi, Kawu Ya Kawo Albasa

Ina cikin karyawa da safen nan sai na ji ana sauke buhuna a ƙofar gidanmu. Ina leƙawa sai ga Kawu Lawali, yayan mahaifiyata, ya taso tun daga Tozai da albasa cike da a-kori-kura.

Shekaranjiya na iso Illela don in gaya wa iyayena cewa wani kamfanin jiragen sama na dakon kaya ya ɗauke ni matuƙi, bayan na sha wuyar neman aiki. Ashe labari har ya kai ƙauye.

Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Ɗana, tunda kaya za ka riƙa ɗauka, fara da nawa. Ikko za ka kai min, can ta fi daraja."

Na ce, "Kawu, jirgin ba nawa ba ne. Ko jakata sai an auna ta."

Ya ce, "Mi? Direban tirela ma yana taimakon ɗan'uwa, balle kai da babu shinge a hanyarka?"

Na yi bayani har muryata ta dushe. Ya sa aka mayar da buhunan mota, ya tafi ko ruwa bai sha ba.

Yanzu Inna ta daina yi min magana, wai na kunyata ta gaban yayanta, dole in je Tozai in ba shi haƙuri. Ko fara aikin ban yi ba, har na zama mai girman kai!

Jama'a, don Allah, in na je wane laifi zan ce na yi?