Masallacin da Aka Shuka wa Fulawa

Baba ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin kuku a gidan wani Baturen kuza, can bayan Bukuru. Bayan Turawa sun tafi gidan ya zama kango, awaki ke kwana a barandarsa. A shekarar da na yaye autata muka ji an gyara shi, har ana barin mutane su shiga kallo. Tun daga ranar Baba ya hana ni sakat. Ƙafafunsa sun fara kumburi a lokacin, shi ma ya san ba sauran yawo da yawa.

"Uwata, ba gidan nake son gani ba," in ji shi. "Akwai masallacin da na jera da hannuna a bayan kicin. Ki kai ni in yi azahar ɗaya a ciki."

Tun da gari ya rikice ba mu cika fita daga Anguwan Rogo ba, amma maigidana ya ce mu je. Ya sa direban da ya yarda da shi ya kai mu.

Gidan ya yi kyau ƙwarai. An wanke duwatsun bangon, an sake kwanon rufi, an ja wa tagogi koren fenti. Dogayen itatuwan turare sun yi layi tun daga ƙofa, ciyawa kuwa kamar an shimfiɗa darduma. Na leƙa falon, na ga murhun jin ɗumi da daɓen katako sai sheƙi yake. Baba ko kallo bai yi ba. Ya dogara sandarsa ya zagaya ta baya, hanyar da ya saba bi.

Masallacin ma'aikata ba gini ba ne. Duwatsu ne ake jerawa a ƙasa, a fitar da ɗan lungu ta gabas inda liman zai tsaya. Mun same su yadda ya bar su, har an shafa musu farar ƙasa. Sai dai cikinsu cike yake da fulawa mai ƙaya, ja da fara. Masu gyara sun ɗauka lambun matar Bature ne.

Baba ya tsaya yana kallon fulawar. Ni ce na fara hawaye.

Gadinan gidan ya taho da almakashi a hannu. Dattijo ne ɗan ƙasar, ba Bahaushe ba, da ƙaramin gicciye a wuya.

"Sannu Baba. Madam, lafiya kana kuka?"

Na gaya masa. Ya ajiye almakashin, ya riƙe baki.

"Shi ya sa! Injiniya mai gyaran gida ya ce wannan lambu ya karkace, bai bi layin gida ba, a gyara shi. Na ce oga, wanda ya sa dutsen nan ba mahaukaci ba ne, a bar shi."

"To ka ji," in ji Baba. "Ashe kai ne injiniyan, shi ne lebura."

Suka yi dariya tare, amma gadinan ya sosa ƙeya. Ya ce ba shi da ikon tuge fulawar ko guda sai mai gida ya yarda, mai gida kuwa yana Legas. Baba ya ce Allah ya kiyaye a kori mutum daga aiki saboda shi, ƙasar Allah duk masallaci ce, zai yi a gefe. Haka ya faɗa, amma ni na san muryar mahaifina.

Gadinan ya juya. Ya tafi ya dawo da igiya da buhu da ruwa a gwangwanin ban ruwa. Ya durƙusa ya riƙa tattara rassan layin tsakiya yana ɗaure su gefe da gefe, ƙaya na yagar masa hannu, har fili ya buɗe daidai tsayuwar mutum ɗaya. Ya tambaye ni ko takin da ya zuba zai ɓata salla. Na ce na shanu ne? Ya ce e. Na ce ba komai. Duk da haka sai da ya share wajen kafin ya shimfiɗa buhun.

Na zuba wa Baba ruwa ya yi alwala. Muka kama shi, ni ta dama, gadinan ta hagu, ya tsallaka duwatsun. A gida a zaune yake salla tun watanni. Ran nan ya miƙo mini sandarsa, ya ta da kabbara a tsaye.