Koci Sada Ya Kira Mu Katsina

Mun tashi da asuba daga Kano, ana sallame salla muka kama hanya, mu uku a mota ɗaya. Dukanmu tsofaffin ɗaliban wata kwaleji ne a Katsina, kuma ba aji ne ya haɗa mu ba, filin tanis ne. Ni yanzu kantin magani nake da shi. Mai motar a banki yake aiki. Na ukunmu malamin sakandare ne, bahago, wanda a zamaninmu duk wanda aka haɗa shi wasa da shi sai ya kwana yana juyi.

Dalilin tafiyar shi ne kocinmu, Malam Sada, ya yi ritaya bayan shekara talatin da wani abu yana koyar da tanis a kwalejin, an kuma shirya masa walima. Ni da mai motar, da Koci ya kira mu cewa ya yi, "In kun samu hali ku taho." Bahago kuwa kira ya yi ta yi masa har ana gobe tafiya, yana jaddada masa kada ya manta da takalmin wasa. Tun daga Dawanau muka sa shi a gaba da tsiya, wai ashe duk shekarun nan shi ne ɗan lelen Koci ba mu sani ba. Shi kuma sai wani gyara hula yake yi.

Hanya ta yi kyau fiye da yadda na bar ta, ko da yake akwai wuraren da sai an sauka daga kwalta an bi gefe. Ƙarshen damina ne, daga Bichi har Tsanyawa ido ba ya ganin komai sai gero da ya yi kai da dawa tana rangaji. A Gidan Mutum Ɗaya muka tsaya karin kumallo, garin da sunansa ya daɗe da daina dacewa da shi, don da ƙyar muka samu wurin ajiye mota. Mun sha shayi da waina mai zafi da ƙosai. Ƙosan ya yi daɗi, sai dai ya ƙanƙance ƙwarai, har mai motar ya ɗaga guda yana tambayar mai tuyar ko wannan jikan wanda muka sani ne. Ta ce masa ya je kasuwa ya gaisa da mai wake da mai man gyaɗa, sannan ya dawo su yi maganar.

Daga Kankiya harshe ya fara sauyawa. Muka tsaya sayen dafaffiyar gyaɗa a Lambar Rimi, na gaida dattijon da ke sayarwa, ya ce, "Lahiya lau, mi za a ba ku?" Nan take na ji kamar an mayar da ni ɗan shekara ashirin da jakar littattafai a kafaɗa.

Mun shiga gari ta Ƙofar Kaura, kuma a nan girmanmu ya zube. Mu da muke taƙama mun san Katsina lungu-lungu, gadar ƙasan da aka yi ta juya mana kai, muka ɓulla inda ba mu nufa ba. Sai da wani ɗan acaba ya ga muna ta zagaye ya tausaya mana, ya shige gaba har Ƙofar Durbi, unguwar su Koci. Da muka miƙa masa ɗan abin shan mai ya ƙi karɓa, wai ai baƙin Malam Sada ne, ƙanensa ma a hannunsa ya koyi wasa.

Koci na zaune a kan tabarma a ƙofar gida, ya sa rigar wasa da hular hana-salla. Gemu ya yi fari tas, amma jikin nan yana nan a ɗame, babu tumbi ko na kwabo, abin da ba zan iya faɗa a kan ko ɗaya daga cikinmu ba. Aka shiga gaisuwa irin ta Katsinawa: ya hanya, ya iyali, ya yara, ya mutan Kano, ya ruwa ya yi gyara, sai an kai ƙarshe a sake ɗaukowa daga farko. Hajiya, maiɗakinsa, ta aiko mana da fura da nono mai sanyi a ƙwarya, ko in ce hura, tunda a garin masu ita muke.

A ɗakin baƙinsa na tsaya ina kallon tarihin mutumin. Kofuna ne jere a saman kabad, na gasar kwalejoji, na jiha, na shiyya, wasu sun dusashe har rubutun ba ya karantuwa. Na leƙa cikin wani babba da mu muka ciyo shi a shekararmu ta ƙarshe, sai na tarar Hajiya ta mayar da shi ma'ajiyar zare da maɓallai. Koci ya ce gara haka, aƙalla yana aiki. A bango kuma akwai raket ɗin katako, abin buga ƙwallon tanis, wanda da shi ya fara. Yana yaro tsintar ƙwallo yake yi wa manyan ma'aikata a wani kulob, in sun tashi shi da abokansa su ɗauki abin da aka bari su yi ta bugu har magariba. Daga nan ya yi karatun koyar da wasanni, aka ɗauke shi aiki a kwalejinmu. Lokacin da ya zo, filin tanis ɗin ciyawa ta cinye shi, awaki ke kwana a ciki. Shi ya nome shi da hannunsa, ya ɗinke ragar da igiya, ya riƙa bin ɗakunan kwanan ɗalibai yana lallashin mutane su zo su gwada. Ni kaina haka ya tsinto ni, ina zaune ina cin rake. Daga baya ya buɗe ɓangaren mata, ya bi gidaje yana zama da iyaye a zaure yana yi musu bayanin irin shigar da 'ya'yansu za su yi da lokacin da za su dawo gida.

Ba mu gama shan furar ba ya miƙe ya ce mu tashi, rana na yi.

Muka isa kwaleji muna sa ran ganin rumfa da kujeru da masu ɗaura lasifika. Babu ko ɗaya. Fili ne fayau an share shi, an sabunta farin layi, sai wata ɗaliba da ƙaramin hijabi da dogon wando tana buga ƙwallo a jikin bango. Mai motar, wanda ya sha shadda har da babbar riga, ya dubi Koci ya ce, "Malam, ina walimar?"

"Walima sai bayan la'asar," in ji shi. "Waccan ta malamai ce, su suka shirya abinsu. Ta sahe tawa ce."

Sannan ya yi mana bayani. Yarinyar sunanta Rabi, tana shekarar ƙarshe, kuma a cewarsa bai taɓa koyar da mai hannu irin nata ba. Ranar Asabar mai zuwa za ta buga wasan tantancewa a Kaduna, wadda ta yi nasara za a ɗauki nauyin ci gaban karatunta. Mahaifinta tela ne a Ƙofar Ƙwaya, ya yi haƙuri iyakar haƙuri, ya kuma faɗa mata gaskiya cewa ƙarfinsa ya tsaya a wannan takardar kammala kwalejin da za ta karɓa. Matsalar ita ce wadda za ta kara da ita bahaguwa ce, kuma duk haɗuwar da suka yi a baya ita ke cin Rabi. Koci ya ce ya duba Katsina kaf bai samu bahagon da ya iya riƙe raket ba.

Bahago ya kalli takalmansa ya ce, "Koci, wato ba kewata ka yi ba."

"Na yi kewarka mana. Amma hannun na hi kewa. Je ka canza kaya."

Dariya ta hana ni tsayuwa sai da na dafa ƙarfen raga.

Aka fara. Ga wanda bai san wasan ba, bugun bahago yana lanƙwasa ne ta ɓangaren da ba ka saba ba, ƙwallon ta faɗi ta gudu can gefen hagunka kamar an ja ta da zare. Abokinmu ya yi nauyi, gudu ya bar shi, amma hannun yana nan yadda muka san shi. Bugun farko Rabi ta kai raket ta sami iska. Na biyu haka. Wanda ta taɓa kuma ya tafi cikin bishiyar darbejiya. Ni da mai motar aka ba mu aikin tsintar ƙwallo, kuma ina roƙon duk wanda ya ɗauki hoton ma'aikacin banki ya naɗe babbar riga yana rarrafe a ƙarƙashin benci ya ji tsoron Allah ya goge.

Da aka jima abin ya daina ba da dariya. Rabi ta zo ta zauna a benci ta sunkuyar da kai, ta ɗora raket a cinya, idonta ya ciko. A hankali ta ce, "Malam, in wannan da ya yi shekaru bai buga ba ya yi mani haka, ina ga ita?" Na san Koci da faɗa a zamaninmu, na zaci zai ɗaga murya. Bai ɗaga ba. Ya bar ta ta sha ruwa, ya ɗauki robar ruwan ya je ya ajiye ta a bayan layi, can gefen hagu, nesa da inda ta saba tsayawa.

"Nan za ki tsaya. Kada ki jira ta buɗe, ki tare ta tun tana tasowa. Ba ƙarhi ta hi ki ba, wurin tsayuwa ne ba ki gane ba. Tashi."

Ta tashi. Na farko ya bugi raga. Na biyu ya wuce raga da ƙyar. Daga nan sai muka fara jin ƙarar nan mai daɗi da duk ɗan tanis ya sani, idan ƙwallo ta sami tsakiyar raket. Ta mayar, ta sake mayarwa, sannan ta fara aika ƙwallon inda abokinmu sai ya yi gudu kafin ya kai. Kafin azahar ta ci shi wasa a jere har ya daina tambayar lissafi. A ƙarshe ya zo ya zube a benci yana haki, riga sharkaf, yana riƙe da gwiwa, ya ce shi ya riga ya ci tasa walimar, a kai shi gida. Rabi ta durƙusa ta yi masa godiya tana kiransa Baba, abin da ya ce ya fi ciwon gwiwar zafi.

Bayan la'asar aka yi walimar gaske, kuma ta yi armashi. Tsofaffin ɗalibai sun zo daga Daura da Funtuwa da Malumfashi, wasu daga Abuja. Wata da ke cikin 'yan matan farko da ya koyar, yanzu ita ke horar da ɗalibai a wata makarantar mata, ta zo da su cike da bas. Wani da muka bari a baya da aji ɗaya ashe alƙalancin wasa yake yi har ƙasashen waje. Kowa ya tashi sai ya faɗi abin da Koci ya yi masa, kuma yawanci ba maganar tanis ba ce: wanda ya kai asibiti a kan babur, wanda ya hana barin makaranta, wanda ya je wa neman aure. Da aka ba Koci lasifika bai daɗe ba. Ya gode wa Allah, ya gode wa Hajiya da ta jure wankin fararen kaya shekara da shekaru, ya ce kofi ƙarfe ne, abin da yake alfahari da shi su ne waɗannan da ke zaune suna jiran a raba shinkafa. Mu kuma muka miƙa masa shadda da turaren da muka yo masa tsaraba. Ya shafa shaddar ya yaba, ya sa albarka, sannan ya matso kusa da kunnena ya ce da ƙwallaye muka sayo da sun fi amfani.

Mun kwana a gidan ƙanin mahaifin mai motar, da hantsi muka sayi alkaki da dakuwa na yara muka juyo. Bahago ya mimmiƙe a kujerar baya, tun daga Charanci yake rantsuwa shi da raket har abada, wai an yaudare shi da sunan walima, an kuma mayar da shi Baba a gaban jama'a. Muna dab da Bichi wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya tashi zaune, ya gyara murya. Abin da muka ji kawai shi ne, "Na'am Koci. Lafiya lau Koci. Laraba? To Koci. In sha Allahu." Ya kashe ya koma ya kwanta, ya ce duk wanda ya yi magana a cikinmu Allah ya isa.

Mun iso Kano lafiya kafin azahar. Na shiga gida ina ɗingishi, ni da ban buga komai ba sai tsinta, maiɗakina ta dube ni ta ɗora ruwan zafi ba tare da ta tambaya ba.

Abin da na taho da shi daga wannan tafiya shi ne, mun je ne mu taya mutum murnar gama aiki, muka tarar shi bai san ya gama ba. Ranar da aka ware don a yabe shi, rabinta ya kashe a kan damuwar 'yar wani. Na kuma lura cewa a duk waɗanda suka yi jawabi babu wanda ya tuna da yawan wasannin da aka ci, kowa ranar da aka tsaya masa ya riƙe. Tun da na dawo nake tambayar kaina su wa za su taso daga wani gari saboda ni, kuma me za su faɗa in an ba su lasifika.

Rabi za ta buga ranar Asabar. Don Allah ku sa ta a addu'a. Wanda addu'arsa ta yi saura kuma ya taimaka wa abokinmu da ita, don yanzu haka yana tasha yana jiran motar Katsina ta cika.