Tazarar Baba Fenti

Shekara talatin Baba Fenti ya yi yana rubuta allunan shaguna, kuma abin tinƙahonsa guda ne: tazarar da ke tsakanin haruffansa daidai wa daida take, ko da ma'auni ka zo ba ka kama shi. Sai injin buga allo ya shigo layinsu, aiki ya ɗauke ɗif. Tsaninsa ya koma wurin shanya kayan wanki.

'Yarsa ce ta roƙar masa ƙawarta, mai wani ƙaramin kamfanin katun, wato fim ɗin zane mai motsi, a saman kantin magani. Kujera ɗaya ta rage. Aka ba shi gwajin wata guda, in ya iya ta zama tasa. Ya san kuwa babu wata ƙofar bayan wannan.

"Baba, ba a bin motsi tiryan-tiryan," in ji mai kamfanin, tana nuna masa zanen wata tsohuwa. "Turaku ake fara kafawa: nan tsohuwar tana tsaye, nan ta sunkuya, nan ta zauna. Sannan a tsara hoto nawa zai shiga tsakaninsu. Hoto ashirin da huɗu ne sakan ɗaya."

Turakun dai ya kafa su gwanin sha'awa, har da tamojin fuska. Da aka zo cike tsakani sai ya zaro tsohuwar rularsa, ya raba tazarar daidai wa daida. Aka kunna. Tsohuwa ta sauka kan kujera sumul, kamar ana zura guga a rijiya.

"Baba, wannan ai ba ta da gwiwa," in ji mai kamfanin.

"Ki auna, 'yata. Ban ci haƙƙin hoto ko ɗaya ba."

"Matsalar ke nan. Mutum yakan yi jinkiri a wani wuri, ya yi sauri a wani. Ka cunkusa hotuna a nan, ka ware su a can."

Ya gyaɗa kai. Kunne ya ji, hannu ya ƙi. Duk sanda ya matso da hotuna biyu kusa da juna sai ya ji kamar ya yi ha'inci, kafin ya ankara ya gyara abinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan kuwa ya shekara talatin a rana.

Ranar da wata ya cika, mai kamfanin ta raka shi har bakin matakala, tana ta yabon zanensa, ta kasa haɗa ido da shi. Ya gane kujerar ba tasa ba ce. Ya yi mata godiya, ya sauka da rularsa a aljihu, zuciyarsa ta karye.

Ya tarar da matarsa ta gama shanya a jikin tsanin.

"Malam, yaya aka yi?"

Tana tambayar ta juya za ta zauna. Ta dafa bango. Ta sunkuya kaɗan, ta tsaya cak, ta daɗe a haka tana cije leɓe. Sannan ta faɗa kan kujera gaba ɗaya, ta ɗan yi baya, ta sauke numfashi.

Bakinsa na ƙirgawa bai sani ba. Hoto sha takwas a cunkushe wurin tsayawar, uku kacal wurin faɗawar, sauran na numfashin. Ga abin nan da aka yi wata guda ana faɗa masa, a tsakar gidansa, ya zo bayan an rufe ƙofa.

"Tun yaushe gwiwar nan take miki haka?"

Ta dube shi da mamaki.

"Shekara shida ke nan, Malam. Yau ka gani?"