Laifin Raƙumi

Har yau ina jin haushin matan layinmu na Gangare. Ina fom wan a sakandare Yayata ta haifi ɗa namiji, ƙato kamar buhun dankali, amma leɓensa na sama a tsage har hanci. Kafin ruwan wanka ya tafasa an gano mai laifi. Ni ce.

Da ƙaramar Sallah, cikinta na wata biyar, na ja ta gidan zu. Muka tarar da raƙumi yana tuƙa, leɓe a rabe, Yaya ta yi dariya har da hawaye.

"Mai ciki da yi wa halitta dariya!" in ji Gwaggo, ƙanwar babanmu. "Ke kuma uwar rawar kai, ga abin da kika jawo."

Mata dubu bakwai suka zo barka. Kowacce ta leƙa zani, ta ce Allah Ya raya, ta harare ni. Wata har ta rantse ta ji ya yi kukan raƙumi. Ni fatata ta saba. Yaya ce ta yarda da su. Yaron ya kasa kama nono, ita kuma ta juya wa bango fuska, ta ƙi kallonsa. Kwana biyu yana kuka, muryar tana ƙanƙancewa.

Na ruga Tudun Wada ko takalmi babu, na jawo wata nas da Yaya ke yi wa ɗinki. Ta ji zancen raƙumi, ta karanta katin awo, ta yi tsaki.

"Wane raƙumi? Ciwon suga gare ki, ga shi a rubuce. In ya hau a farkon ciki, yakan taɓa halittar yaro. Ranar da kuka je zu, aikin gama ya riga ya gama."

"To ai sugan a jikina yake," Yaya ta ce wa bango.

"Ke kika zuba shi? Tashi ki tatsa a ba shi da cokali, maman bebi. Leɓe ana ɗinke shi a asibiti, ke da kike tela."

Gwaggo ta gyara zama. "Mu dai tun iyayenmu..."

"Gwaggo, miƙo cokali, tarihi sai an jima," na ce.

Ranƙwashin da na sha a hannunta, har garin Bukur an ji ƙararsa. Amma ta miƙo. Yaya ta tatsa a kofi, ta karɓi ɗanta ta ɗora a cinya. Cokalin farko ya fito ta hanci. Na biyu ya haɗiye.