Ƙararrawar Jirgin Kawu

A jirgin ruwan kawuna akwai wata ƙararrawar tagulla mai rubutun Turanci a jikinta. Kakanmu ne ya samo ta a bakin Bahar Maliya, kan hanyarsa ta dawowa daga hajji. Lokacin da nake aikin rediyo na bi diddigin rubutun. Ta fito ne daga wani jirgin yaƙin Ingila na katako, irin wanda iska ke turawa. Ya yi sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma, aka mai da shi tekun Indiya, da ya tsufa aka sauke igwoginsa ya zama ma'ajiyar gawayi, daga ƙarshe aka farfasa shi.

Shekarar da faɗa ya iso yankin Suki, mai ya ƙare, jiragen inji suka tsaya. Jirgin Kawu kaɗai ya rage a ƙauyenmu, domin shi da shira yake tafiya, wato babban ƙyallen da ke kama iska. Masu bindiga sun yi sansani a gidan famfon ban-ruwa, sama da mashigarmu kaɗan, kuma sun hana tsallakawa. Mu kuwa dole mu tsallaka da Inna, don maganin sukarinta ya ƙare, asibitin da ya rage yana ƙetare.

Muka sauka bakin kogi da sassafe, hazo bai tashi ba. Muka kwantar da Inna a tsakiyar jirgi. Sai na ga Kawu ya kai hannu ga igiyar ƙararrawa.

Na riƙe hannunsa. "Kawu, za su ji."

"Jirgin nan bai taɓa barin gaɓa ba a buga ta sau uku ba," in ji shi. "Sau ɗaya Baba ya manta, ranar ya kife da buhunan dawa."

"Dawa ce ya ɗauko. Yau yayarka ce."

"Kai ɗan rediyo, ka iya magana. Ka iya ruwa?"

Inna ta ɗaga kai, ta yage bakin tobin da ta yafa, ta miƙa masa. "Naɗe mata harshe, ka buga abinka. Halas, magana ta ƙare. Kun ishe ni."

Ya naɗe, ya buga sau uku. Ko ni da ke kusa da ƙyar na ji. Muka tura.

A tsakiyar kogi ruwa yana da ƙarfi. Jirgi ya yi tangaɗi, ƙyallen da aka naɗe harshen da shi ya zame, ƙararrawa ta yi ƙara sau ɗaya, tar. Hazo ya fara yayewa. A kan rufin gidan famfo wani mutum ya miƙe tsaye, bindiga a kafaɗarsa, yana juya kai yana neman inda ƙarar ta fito.

Wata igiyar ruwa tana tahowa, in ta bugi jirgi ƙararrawa za ta sake ƙara. Kawu ya dube ta, ya dubi Inna. Ya damƙe harshen ƙararrawar da hannun hagu, ya ce min a hankali, "Wuƙa." Na yanke igiyar da ke rataye da ita. Ya sunkuya ya nutsa ta cikin ruwa har gwiwar hannunsa, kana ya saki.

Mutumin ya daɗe a tsaye. Sannan ya zauna.

Da cikin jirgi ya goga yashin ƙetare, Kawu ya matsa tsakiyar jirgin. Ya durƙusa gaban Inna, ya juya mata baya.

"Hau, Yaya," in ji shi. "Da sauran tafiya."