Kabarin 'Yata Daga Sama

Mu mata ba ma raka gawa. Ranar da 'yata ta rasu, a bakin zaure na tsaya, maza suka wuce da ita. Maƙabartar tana bayan unguwarmu, ta hanyar Nangere, amma ban taɓa sa ƙafa a cikinta ba. Yayana ne ya sa yarinyar a kabari, ya dawo ya ce mini kusa da wata aduwa take. Iyakar abin da na sani ke nan, shekara da shekaru.

Sai kwazazzabo ya fara cin wannan gefen na gari. Kowace damina sai ruwa ya yagi ƙasa ya tafi da ita, har aka fara cewa kwazazzabon ya doshi maƙabarta. Hankalina ya tashi. Na tambayi Yaya, ya ce da sauran nisa. Shi kuwa Yaya, ko gidansa ne ke cin wuta cewa zai yi da sauƙi.

Bayan damina wasu ma'aikata suka zo da ɗan jirgi marar matuƙi, mai ƙugi kamar taron zuma. Yana shawagi yana ɗaukar hoto, yana auna tudu da kwari, su kuma suna haɗa taswira don a san inda ruwa zai bi baɗi. Da rana ta take suka nemi inuwa a zaurenmu, Yaya ya shimfiɗa musu tabarma. Na kai musu ruwa, na tarar kwamfutarsu a buɗe. Ga garinmu Potiskum a shimfiɗe, rufin kwano sai ƙyalli yake.

Na ce, "Akwai maƙabarta a ciki?"

Wata budurwa a cikinsu ta ce, "Akwai, Mama."

Ta jawo hoton har ya cika fuskar kwamfutar. Ga kaburbura a jere, duk sun fuskanci gabas. Ga aduwar. Ga kuma kwazazzabon, baƙi wuluk, ya lanƙwaso ta bayanta. Budurwar ta ce in ba a tare shi kafin ruwa ya sauka ba, wannan sashen zai tafi.

Na ce, "Yaya, wanne ne nata?"

Ya daɗe yana kallo. Can ya ɗora yatsa a kan gilashin. Yatsa guda ya rufe kabarin da bakin ramin gaba ɗaya. Tsoro ya kama ni, da kewar da na zaci ta kwanta tuntuni.

Na ce, "Ɗaga yatsanka, Yaya. Ban gama ganinta ba."